Muhawara: Da gaske Zariya ta zama ta APC?

Ɗan kasuwa: Jama'a, assalamu alaikum. Maganar da aka fara jiya ita nake so mu ƙarasa. Ni dai ra'ayina, Zariya ta APC ce, babu ja. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoba 2024, jam'iyyar ta lashe kujerun shugabanni 23 na jihar Kaduna gaba ɗaya, har da Zariya da Sabon Gari. Ga kuma Tajudeen Abbas na APC, tun 2011 yake wakiltar Zariya a majalisar wakilai, yau shi ne kakakinta. Wace shaida ta wuce wannan?

Malama: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hujjarka ta biyu na karɓa, ta farkon ce ban yarda da ita ba. Zaɓen ƙaramar hukuma ba INEC ke gudanar da shi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, kuma gwamna ne ke naɗa mambobinta, majalisar jiha ta amince. Ka duba jihohin da PDP ke mulki, can ma jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun kusan duka. Abin da ke faruwa a ko'ina iri ɗaya ba zai nuna maka zuciyar mutanen gari guda ba.

Ɗan kasuwa: To Malama, ai a 2018 da aka yi zaɓen da na'ura, PDP ta samu wasu ƙananan hukumomi a jihar nan. Ke nan ana iya faɗuwa.

Malama: Ai ka taya ni magana ne, Alhaji. Ranar da aka bar ƙuri'a ta yi aikinta, sai ka ga launi ya bambanta.

Dattijo: Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Ni na yi zaɓen 1979, ina cikin layi tun da hantsi, katina a aljihun 'yar shara. Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN ta riƙe rinjaye a majalisa, suka hana shi kwamishinoni har suka tsige shi a 1981. Lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka raba. Tun kafin 1979 akwai jam'iyyar adawa ta NEPU, akwai Hajiya Gambo Sawaba a Sabon Gari, wadda aka ɗaure sau da dama ba ta sauya ba. Ga su Dakta Bala Usman a Jami'ar Ahmadu Bello suna koya wa matasa yi wa mai mulki tambaya. Kuma a garin nan dai fadar Zazzau take, da gidajen sarauta da zaurukan malamai waɗanda suke da nasu ra'ayin. Tun ina yaro ban taɓa ganin cikin ganuwa da Sabon Gari da Samaru sun yi magana da baki ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ce mini Zariya ta wane ce, sai in tambaye shi wace Zariyar.

Ɗalibi: Baba, Allah ya ƙara lafiya. In ƙara a kan naka: a 2015 Namadi Sambo, ɗan Zariya, shi ne mataimakin shugaban ƙasa a PDP, amma Buhari na APC garin ya bi. A 2023 kuwa kujerar sanatan Kaduna ta Arewa, wadda Zariya ke ciki, PDP ce ta ɗauka, kuma Atiku ne ya zo na ɗaya a jihar. A rana guda aka kaɗa waɗannan ƙuri'u da ta Abbas.

Ɗan kasuwa: Wannan gaskiya ne, ƙanena, ban musa ba. Amma mazaɓar sanata ta haɗa ƙananan hukumomi da yawa, kada ka ɗora wa Zariya ƙuri'ar Soba da Ikara.

Malama: Na yarda da wannan gyaran. Abin da ya fi damuna shi ne muna gardama kan launin tuta, alhali ƙaramar hukumar da kanta ba ta da ƙarfin hannu. Tsarin mulki ya ba ta kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu, da hannu a makarantun firamare. Daminar da ta wuce kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shiga zaurukan gidaje uku, tabarmi da littattafan yara suka jiƙe. Muka je wa kansila, ya zo da kansa ya naɗe ƙafar wando ya duba, ya ce wallahi babu abin da aka sakar masa. Karo-karo muka yi muka ɗauko masu shebur. Ban ga laifinsa ba, tausayinsa na ji.

Ɗalibi: Shi ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 yake da nauyi, Malama. Ta ce a tura kason ƙananan hukumomi 774 kai tsaye zuwa asusunsu, ta kuma haramta kantomomin riƙo.

Dattijo: Hukunci daban, aiwatarwa daban, ɗana. Alhaji, kai da ke kasuwa kullum, ka taɓa ganin an liƙa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma inda talaka zai karanta?

Ɗan kasuwa: Ban taɓa gani ba, Baba. Haraji dai ana karɓa, rasit ɗinsa na nan cike da aljihun teburina. Har yanzu ina kan cewa APC ta fi ƙarfi a Zariya. Amma idan za ku je neman a nuna mana kasafin, ku sa sunana a takardar, ranar Litinin ina da sarari bayan azahar.