Magani na hannunka, ka hana don gudun katsalandan: adalci ne?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Masu kallon Star Trek, shirin talabijin na balaguro a sararin samaniya, ku warware mini wannan. A shirin akwai dokar da ke kan kowane kyaftin, Prime Directive: duk duniyar da mutanenta ba su ƙera injin da ya fi haske gudu ba, ba a shiga sabgarsu. Wani kashi na jerin shirin mai suna Enterprise da aka nuna a 2002 ne ya tsaya mini a rai. Wasu halittu, Valakian, cutar gado na ƙarar da su, suka fito da ɗan jirginsu neman taimako. Likita Phlox ya gano maganin, amma ya ce kada a ba su, wai wata ƙabila da ke zaune ƙarƙashinsu, Menk, ita za ta gaji ƙasar in sun shuɗe. Kyaftin Archer ya yarda, aka sallame su da abin rage raɗaɗi. Lokacin ma ba a kafa dokar ba, tushenta ake nuna mana. Mutum ya tako har ƙofarka, maganin na aljihunka, ka juya masa baya? Wa ya naɗa Phlox alƙalin wanda zai rayu?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumus salam. Ƙanina, kafin ka yi watsi da dokar, dubi tsibiran Andaman na Indiya. Turawan Ingila sun kafa gidan yari a Port Blair a 1858, cututtuka irin su ƙyanda suka biyo su, ƙabilun babban tsibirin suka koma 'yan gomiya bayan da suna dubbai. Maƙwabtansu na tsibirin Sentinel ta Arewa da suka ƙi baƙo da kibiya, suna nan har yau. Bayan tsunamin 2004 an tura jirgi mai saukar ungulu ya duba ko sun tsira, wani ya fito bakin ruwa yana ɗana masa baka. A Nuwamban 2018 wani Ba'amurke, John Allen Chau, ya biya masunta suka kai shi don yin wa'azi, mutanen tsibirin suka kashe shi, Indiya ma ta haƙura da ɗauko gawar. Ko murar da baƙo zai shigo da ita za ta iya yi wa mutanen tsibirin mummunar illa.

Malam Na Tudu:
Ni abin da ke ba ni dariya shi ne wanda ke faɗin "ba ma tsoma baki". A 1903, bayan an ci Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwa, Lugga ya tsaya ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, sarakuna su ci gaba da mulki. An taƙaita shigar 'yan mishan masarautu, makarantar boko ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano kuwa sai 1909. Amma haraji an karɓa, kuzar Jos an kwasa. Mai ƙarfi shi ke zaɓar inda zai janye hannu, kuma galibi inda za a kashe kuɗi ne yake janyewa. Sannan ma'aunin nan na inji, wa ya sa shi? Al'umma mai shari'a da rubutu da malamai, don ba ta da inji sai a ce ba ta isa a yi magana da ita ba?

Ɗan Kurmi:
Yaya, na yarda da ke a kan Sentinel, amma su da kibiya suka ce a ƙyale su, an kuwa ji maganarsu. Valakian da bakinsu suka roƙa, ba a ji ba. Barazil ma da ta daina neman ƙabilun dajin Amazon tun 1987, in suka fito da kansu ana kai musu likita da rigakafi. Malam, tambayarka ta ƙarshe ta fi tawa zafi. Ko Menk ɗin da aka fake da su, ba wanda ya tambaye su ko suna son maƙwabtansu su mutu.