Ƙauye babu dagaci: wa ke riƙe da jama'a a karkarar Ingila?

Ɗan Daura:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta sami aikin jinya a Ingila, ita da maigidanta suka kama gida a wani ƙaramin ƙauye na yankin Cotswolds, kuma ta shaida mana cewa babu dagaci, babu mai unguwa, babu wanda baƙo zai kai wa gaisuwa. Tun daga nan hankalin Hajiyarmu bai kwanta ba. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su bayyana mana wanda ke riƙe da irin wannan gari, da yadda baƙo ke shiga cikin mutanensa.

Bakatsine, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Malam. Shugabanci yana nan, sai dai ba na gado ba ne. Tun dokar 1894 ƙauyukan Ingila suke da ƙaramar majalisa wadda mazauna ke zaɓar wakilanta duk bayan shekara 4, kuma galibinsu ba sa karɓar albashi. Ita ke kula da filin tsakiyar gari, da wurin wasan yara, da 'yan lambunan da ake ba mazauna haya su shuka dankali da albasa. Ana kuma jin ra'ayinta idan wani zai yi sabon gini, ko da yake majalisar da ke sama da ita ce ke yanke hukunci. Daga harajin gidaje take samun kuɗi, kuma kowa yana iya halartar zamanta.

Malama daga Sabon Layi:
Yaya, bayanin majalisa daidai ne, amma ba can zumunci yake ba. Mutanen ƙauyen suna haɗuwa ne a coci, da mashaya, da zauren taro na gari. Mashaya ba wurin ƙanwar Ɗan Daura ba ce, saboda haka ta riƙe zauren, inda ake shan shayi da safe, ake kuma shirya bikin da suke yi lokacin zafi a filin gari. Ba sa faɗawa gidan juna ba tare da alƙawari ba, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Na ga dattijuwa tana sayar da madara da jarida a shagon ƙauye ba tare da albashi ba, domin mazauna ne suka haɗa kuɗi suka buɗe shi. Wanda ya ba da hannu a irin wannan aiki, shi suke ɗauka ɗan gari.

Dattijo daga Daura:
Ɗana, kada a ɓoye wa Hajiya wahalar wurin. Motar haya kan yi ƙaranci, wani ƙauyen ma babu ita ranar Lahadi, ga shi masallaci da naman halal sai an shiga birni. A watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4, wato Azahar da La'asar da Magariba duk suna riskar mutum a wurin aiki. Su fara neman lasisin tuƙi da mota.

Ɗan Daura:
Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Malama, shin mace mai hijabi za ta iya shiga zauren ita kaɗai, ko sai wata ta gabatar da ita?