Gida a saman shaguna, harsashi kawai aka zuba: in biya kafin alƙalami ko in haƙura?

Abban Hanif: Jama'a barkanmu da war haka. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa sayen gida tun ba a gama gina shi ba. Garinmu ba babban birni ba ne amma yana ta faɗi, kuma a bayan gari wani kamfani na gina rukunin gidaje irin wanda ake haɗa komai wuri ɗaya: shaguna da ofisoshi a ƙasa, gidajen zama a sama, sun ce har da makaranta nan gaba. Kashin farko an gama, mutane sun tare. Ni a kashi na biyu aka yi mini tayi, ɗaki uku a hawa na farko, daidai saman shagunan. Suna son kashi 20 cikin 100 kafin alƙalami, sauran a biya cikin wata 18, sun ce ranar da aka gama kuɗin zai haura da kashi 15. Ɗaya zaɓin tsohon gida ne a cikin gari, kuɗinsu kusan ɗaya, amma rufinsa da wayoyin wutarsa duk sai an sake. Matata a cikin gari take aiki, yaranmu biyu ƙanana ne, mota ɗaya gare mu. Tambayata biyu: yaya zaman saman shaguna yake ga mai yara, kuma me zan duba a takarda kafin in sa hannu? Zuwa ƙarshen wata aka ba ni.

Baba Ɗanjummai: Ɗana, sayi fili ka gina da kanka. Shi ke nan.

Ɗan Haya Har Abada: Mu da ba mu da ko na kafin alƙalamin, bari mu gyara zama mu sha karatu.

Maman Zee: Abban Hanif, don Allah ka karanta nawa har ƙarshe. Ni ma haka aka yi mini. An zaunar da mu a ofis mai sanyi, aka nuna mana zanen kwamfuta, ga bishiyoyi, ga yara na wasa, ga shaguna cike da mutane. Gidan gwaji da suka zagaya da mu babu abin da za ka kushe. Ni da maigidana muka biya kashi 30, muka ci gaba da biya duk wata ba fashi. Gini ya tashi har hawa na biyu, daga nan ma'aikata suka fara raguwa. In ka tambaya, a ce kayan gini ne suka yi tsada. Daga baya a ce ɗan kwangila aka sauya. Sai da muka haɗa kai mu masu saye muka ɗauki lauya, sannan muka gano abin da ke ƙasa: kuɗinmu aka kwasa aka gama kashin farko da shi, kuma namu da kuɗin kashi na uku za a gama. Kashi na uku kuwa bai sayu ba. Filin da aka yi ginin a kansa ma ashe an jinginar da shi a banki, kuma bankin ne a gabanmu in an zo rabon abin da ya rage. Muna biyan haya a inda muke zaune, muna biyan bashin gidan da ba mu taɓa kwana a ciki ba. Ɗiyata da aka ce za ta fara makaranta a can, yanzu ta kusa gama firamare. Rodin da suka bari a waje duk ya yi tsatsa, in na bi ta wurin kau da kai nake yi.

Hajiya Bilki: Innalillahi. Allah ya bi miki haƙƙinki 'yar'uwa. An dawo muku da wani abu kuwa?

Maman Zee: Hajiya, takarda dai muna da ita. A yarjejeniyar an rubuta in mu muka makara da biya akwai tara, in su suka makara babu ko layi ɗaya. Ranar kammalawa ma cewa aka yi "ana sa ran". Waɗannan kalmomi ukun su suka kashe mu a gaban lauya.

Garba Dillali: Ina tausaya wa Maman Zee, amma kada labari ɗaya ya kore mutum daga alheri. Na sayar da irin waɗannan gidaje da yawa, waɗanda suka shiga da wuri sun ci riba. Kuma Malam, kashi 20 ɗin da aka ce maka ya yi yawa, kashi 10 ake biya. Ƙarin kashi 15 kuwa sun rage maka ne, ni na ga wanda ya tashi da kashi 40 kafin a miƙa makulli.

Maman Zee: Kashi 10 a ina? Mu 30 muka biya, aka ce mana ma ragi aka yi mana.

Sadiya M.: Ni kashi 25 na biya, kuma da aka gama ginin ko kaɗan kuɗin bai tashi ba. Maƙwabcina da ya saya bayan an gama, ƙasa da nawa ya biya, saboda gidajen sun yi musu kwantai suna neman kai da su. Wannan maganar "zai tashi" mai sayarwa ne kawai ke faɗinta.

Injiniya Sabo: Musu kan 10 ko 30 ba shi ne zancen ba. Abin tambaya shi ne ina kuɗin ke zama bayan ka biya, kuma me ke sa a sake shi. A Indiya dokar da aka yi a 2016 ta wajabta wa mai gini ya ajiye kashi 70 cikin 100 na kuɗin masu saye a asusu na daban, ba ya taɓa shi sai don wannan ginin da filinsa. Dubai ta kafa dokar asusun amana tun 2007. A Faransa biyan ma da matakin gini aka ɗaure shi: ba a karɓar fiye da kashi 35 har sai an gama harsashi, 70 in an rufe gini ruwa ba ya shiga, 95 in an kammala, ragowar 5 sai ranar miƙa makulli. To kai Abban Hanif, jadawalinka da watanni aka ɗaure shi, ba da aikin da ido zai gani ba. Ko bulo ɗaya ba su ɗora ba, wata ya yi sai ka biya. Ka nemi a mayar da shi bisa matakin gini, kuma wani injiniya wanda ba nasu ba ya tabbatar kafin kowane biya. In sun ƙi, ƙin nasu ma amsa ce.

Garba Dillali: Injiniya, kai a littafi kake magana. Babban kamfani ba ya wasa da sunansa.

Injiniya Sabo: Malam Garba, Evergrande ƙaramin kamfani ne? A da yana cikin kamfanonin gine-gine mafiya girma a China, bashinsa ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024. A 2022 masu saye a ɗaruruwan rukunin gidaje a can suka yi barazanar daina biyan bashin banki saboda an tsayar da gine-ginensu. Salon ɗaya ne da na Maman Zee, a sayar da na gobe a gama na jiya.

Ɗan Haya Har Abada: Malam Garba, tsakani da Allah, in Abban Hanif ya saya nawa ne la'adarka?

Garba Dillali: Ban ma san kamfanin ba. Kuma kai da ba ka taɓa mallakar ko ƙofa ba, me ya kawo ka zancen manya?

Ɗan Haya Har Abada: Ranka ya daɗe, ni ne ma na fi kowa cancanta a nan. Shekaruna a saman shaguna nake haya. Ku kuna sayarwa, injiniya na zanawa, ni nake kwana a ciki.

Hajiya Bilki: Ai kuwa gaskiyarsa. To faɗa mana.

Ɗan Haya Har Abada: Ya danganta da wanda ke ƙasanka. Da kantin magani ne a ƙasana, lafiya lau, tara na dare sun rufe. Da suka tashi aka ba mai wurin motsa jiki. Tun kafin gari ya waye ƙarfe ke faɗuwa, gadona har rawa yake. Ƙofa ta gaba gidan abinci ne, bututun hayaƙinsu daidai tagar ɗakin maƙwabciyata, ga motar kaya da ke zuwa da asuba tana ƙara in tana ja da baya. Daɗinsa kuwa akwai: ba na tayar da mota don ƙaramin sayayya, kuma layin ba ya mutuwa da dare, mace za ta dawo a makare ba tsoro. Amma hawa na farko shi ke shan duk hayaniyar. In da hali ka hau sama.

Sadiya M.: Ka yi sa'a da kake da shaguna ma. Namu har yau rabinsu a rufe. Mai shago ba ya zuwa sai mutane sun cika, mutane kuma an jawo su ne da alƙawarin shaguna. Makarantar da aka zana mana, filinta yanzu an kafa allon sabon bene a kai. Abin da ba ya cikin yarjejeniyarka, hoto ne kawai.

Lauya A.: Abban Hanif, abin da zan ce ka nema a rubuce: takardar mallakar filin da shaidar cewa ba a jinginar da shi ba, izinin gini na kashi na biyun kansa ba na farko ba, ranar kammalawa tsayayya da tarar da za su biya in sun wuce ta, da damar karɓar kuɗinka in jinkirin ya kai wani wa'adi. Sai ƙa'idar ginin: wace irin sana'a aka haramta a shagunan, ƙarfe nawa ake rufewa, ƙofar masu gida daban take da ta masu ciniki ko a'a. Sannan yadda ake raba kuɗin kula da gini tsakanin gidaje da shaguna. Nan ne rigima ta fi yawa. Kuma lauyanka ya zama naka, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba.

Hajiya Bilki: Kuɗin kula da gini! Lauya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shekarar farko ɗan kaɗan ne, da kamfanin ya sayar da gidansa na ƙarshe ya miƙa mana ragama, sai ya ninka. Ashe da can su ke cike giɓin don a ga abin da sauƙi. Kuma shara ta shaguna ta fi tamu nesa ba kusa ba, amma daidai ake raba mana.

Garba Dillali: Ninki kuma Hajiya? Bai taɓa wuce ƙarin kashi 10 a shekara ba.

Hajiya Bilki: In turo maka rasit?

Injiniya Sabo: Ni kuɗin da ya yi arha ya fi ba ni tsoro. Lif, rufi, famfunan tura ruwa, duk suna da ranar mutuwa, in ba a tara musu tun yanzu ba wata rana za a kawo muku lissafi a dunƙule. Benen da ya rufta a Surfside ta jihar Florida a Yunin 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta cewa kankaren ya lalace sosai, aka yi ta ja-in-ja kan kuɗin gyara har abin ya faru.

Baba Ɗanjummai: Shi ya sa na ce fili. Rufinka naka, ba taro ba ƙuri'a.

Malama Asabe: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba mai saye ba ce, maƙwabciyar irin wannan rukunin ce. Kuna ta lissafin na ciki, mu da aka tarar fa? Gidaje ɗaruruwa aka zuba, ƙofarsu ɗaya, kuma kan titinmu take fitowa. Titin nan ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba. Da safe fita unguwarmu sai an yi da gaske. Masu zuwa shagunan ba su da wurin ajiye mota, ƙofar gidajenmu suke toshewa. Wurin da can fili ne da ke shanye ruwan sama, yanzu an shafe shi da kankare, duk ruwan kanmu yake gangarowa.

Sadiya M.: Malama, mu ma cikin cunkoson muke kwana. Kuma an ce mana kamfanin ya biya hukuma kuɗin faɗaɗa titi da magudanar ruwa kafin a ba shi izini.

Malama Asabe: To ina titin? Mun je hukumar tsara gari, suka ce aikin kamfani ne. Kamfani ya ce ya biya, aikin hukuma ne. Taron jin ra'ayin jama'a ma da rana tsaka aka sa shi ranar aiki, sai bayan an yi muka ji labari.

Ɗan Haya Har Abada: Ku dai kuna da gidan da ruwa zai shiga. Ni tun da aka buɗe sabon rukuni kusa da mu mai gidana ya ƙara haya, wai unguwa ta waye. Ban ga abin da ya waye a banɗakina ba.

Abban Hanif: Na gode ƙwarai jama'a, Maman Zee Allah ya kawo mafita. Na tura musu tambayar asusun da ta jadawalin biya, sun ce manaja zai kira ni. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan tsohon gidan, ko kan zirga-zirgar matata da mota ɗaya.

Garba Dillali: Tsohon gidan a wace unguwa yake? Ina da mai nema.

Malama Asabe: Sadiya, in da gaske an biya kuɗin titin, akwai takardar da ke nuna nawa ne da wanda ya karɓa? Ku da kuke ciki za su fi saurarenku. Ki tambayo mana a taronku na gaba, mu haɗa da hotunan ambaliyar bara mu kai musu tare.