"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi": ta dace da 'yan mazan jiya?

Ɗan Zazzau: Salam 'yan uwa. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, in na ga manya suna ajiye furanni ana sakin tantabaru sai wannan karin maganar ta faɗo min a rai. Kakanninmu aka ɗiba zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) lokacin yaƙin duniya na biyu, su suka sha sauro da harsashin Japanawa a daji, Ingila ta ɗau nasara, kuɗin sallamar da aka ba su ma bai kai na Bature ba. To ba kura da gardi ba kenan?

Bakatsiniya: Ma'anar ta hau amma ni bakina ba zai iya furta ta ba gaskiya. Kura fa? Dabbar da aka sa wa takunkumi ana yawo da ita kasuwa kasuwa. Baffana ya yi yaƙin basasa, da ƙafa ɗaya ya dawo, har ya rasu in aka buga ƙofa da ƙarfi cikin dare sai ya zabura yana salati, wallahi ba zan kira shi kura ba.

Malam Na Tudu: 'Yata ki yi haƙuri, Allah ya jiƙan baffa. Ai Bahaushe ba kurar yake zagi ba a nan, gardin yake nuna wa yatsa, wanda bai sha sanda ko ɗaya ba amma aljihunsa ne ke cika.

Bakatsiniya: Amin Malam na gode. Amma fa kura kamo ta aka yi, shi kuwa baffa da ƙafarsa ya je ya sa hannu.

Ɗan Zazzau: Yaya ba kowa ba, zamanin Turawa akwai waɗanda ta hannun sarakuna da hakimai aka turo su. Kuma ki duba, barikin Chindit a nan Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito, an tuna da wuraren an manta mutanen.

Ɗan Zango: Mu a Ghana da tsofaffin sojojin yaƙin duniya suka yi tattaki neman haƙƙinsu a Akara ran 28 ga Fabrairu 1948 harbi aka amsa musu da shi, uku suka faɗi.

Malam Na Tudu: Ni da za a bi tawa, "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski" ta fi. Waccan tana barinmu mu zagi gwamnati mu koma gefe, wannan kuwa har da mu a ciki, don zaman lafiyar da aka samu bayan 1970 duk mun ci, wanda ya ci kuma bashi ne a kansa ba alfarma ba. Tsoho ya je Laberiya ya je Saliyo sannan a gan shi da tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja yana jiran fansho, haba jama'a.

Bakatsiniya: Wannan na yarda da ita. To amma Malam askin namu na talakawa mene ne, mu da ba mu riƙe da baitulmali?

Malam Na Tudu: Akwai matar sojan da aka kashe a Borno a unguwarku? Ki fara tambayar wa ke biyan kuɗin makarantar yaranta.