Duba zuciya kafin mai ciwon huhu ya fara motsa jiki

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan abin da ya kamata a duba kafin fara motsa jiki ga masu asma, da waɗanda tarin tibi ya bar wa tabo, da waɗanda hayaƙin taba ko na itace ya toshe wa huhu.

1. Kowa ya yarda a fara duba zuciya. Haki ba na huhu kaɗai ba ne, zuciya ma tana kawo shi, kuma sau da yawa ciwon biyun tare suke zuwa.
2. A auna hawan jini da bugun zuciya, a maƙala ɗan na'urar nan a yatsa don ganin iskar oksijin. Da yawa sun yaba gwajin tafiyar minti 6.
3. Ciwon ƙirji, jiri, ko kumburin ƙafa: a dakata, a ga likita.

Inda aka rabu: wasu sun ce kowa ya yi awon ECG (gwajin da ke nuna yadda lantarkin zuciya ke aiki), wasu sun ce sai mai shekaru ko mai alamu. Wasu sun ce a tsaya da motsa jikin in oksijin na jini ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, wasu 88. Ni dai na fi son likitan mutum ya yanke masa.

An kuma tunatar cewa Ventolin, maganin asma da ake shaƙa, kan sa zuciya bugawa da sauri.