Wane suna za mu raɗa wa sautin da ke kashe ƙari?

1/ Sikanin kowa ya san shi: a shafa wa mai juna biyu man nan mai sanyi, a zagaya da kan na'ura, jariri ya fito a allo. Amma sautin da na'urar ke amfani da shi yana da wani aiki da likitoci ke kira HIFU, wato tara sauti mai ƙarfi a wuri guda don kashe ƙari, kuma har yau ban ji an ba shi suna da Hausa ba. Ku kawo shawara.

2/ Sautin iri ɗaya ne, wanda ya wuce jin kunne, wato sama da bugu 20,000 a daƙiƙa. Ƙarfi ne ya raba su. A sikanin, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kada ya wuce miliwat 720 a kan murabba'in santimita ɗaya. A HIFU kuwa, kan na'urar mai lanƙwasa ne, yana tura sautin ya haɗu a wuri guda can cikin jiki, wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. A nan ƙarfin kan kai dubban wat a kan murabba'in santimita ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙu zafi ya haura digiri 60, naman wurin ya mutu, fatar da sautin ya ratsa kuwa yawanci lafiya lau. Da haka FDA ta amince da shi wajen ƙarin mahaifa a 2004, da karkarwar hannu a 2016, inda ake ƙona ɗan wuri a ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba.

3/ Wani malamin Hausa ya ce a kira shi “lalas da sauti”. Allah ya ƙara ilimi, Malam, wannan ta burge ni. Lalas ai ƙuna ce da aka yi da gangan, a wurin da aka zaɓa.

4/ Sai wata likita ta taka min birki. Ta ce, ranka ya daɗe, ba duka ne ƙuna ba. Idan aka harba sautin a gajerun bugu masu tsananin ƙarfi, ƙananan kumfa ne ke tasowa cikin naman su fashe, ya dagargaje ba tare da zafi ba. Jami'ar Michigan ce ta ƙirƙiro wannan, FDA ta amince da shi kan ƙarin hanta a 2023. Idan kuma aka sassauta ƙarfin sosai, ana gwajin buɗe shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci don magani ya shiga. Ina lalas a nan? Gaskiyarki, Likita.

5/ Don haka ni dai na tsaya kan “tattararren sauti” a matsayin uwar sunayen duka ukun. Yana da ɗan nauyi a baki, amma ya faɗi abin da ake yi. Mai zafin a ce masa lalas da sauti, mai kumfar a ce dagargaza da sauti. Na ukun, mai sauƙin ƙarfi, shi ne ya rage. An kawo “tausa da sauti”, sai dai masu gashin ƙashi da ke amfani da sauti mai ƙarfin wat 1 zuwa 3 a kan murabba'in santimita ɗaya sun fi cancantar wannan sunan.