Neman kalma: ɗaukar hoton tsuntsu da waya ta cikin madubin hangen nesa

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamaina. A taimaka mini, lokaci ya ƙure. An ba ni wani bidiyo na minti 12 in mayar da shi Hausa, mai koya wa matasa masu sha'awar kallon tsuntsaye yadda za su ɗauki hoto ba tare da sun mallaki babbar kyamara ba. Gobe da hantsi za a ɗauki murya, kuma akwai rubutun da zai riƙa bi ta ƙasan allo. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce digiscoping. Abin da ake nufi: ka kafa madubin nan mai ido ɗaya a kan ƙafa uku, ka saita shi kan tsuntsu, ka ɗora idon kyamarar wayarka daidai inda ake sa ido, ka ɗauka. Ta fito sau 23 a rubutun. Na gwada "ɗaukar hoto da waya ta cikin madubin hangen nesa", mai karantawa ya ce numfashinsa zai ƙare, kuma layi biyu take cinyewa a allo. Ina neman sunan shi madubin, da sunan aikin, da na abin da ke riƙe wayar a jikinsa.

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, mu da muke yi "sikof" kawai muke cewa. Abin riƙewar kuma "adafta".

Ɗalibar Harshe:
Adafta ba za ta yi ba, Yaya. Duk wanda ya ji, abin caji zai zo masa a rai. Me zai hana "mariƙin waya"?

Mai Fassara:
Mariƙin waya ya zauna daram. Na gode ƙanwata. Saura biyu.

Tsohon Ɗan Rediyo:
"Madubin hange". An datse "nesa" tunda hange ai ba a yin sa kusa. Aikin kuma "hoton hange". A maganar baka sai a ce ya ɗauki hoton hange, ko yana koyon hoton hange. Gaɓa huɗu, kowa ya ji ya gane.

Malamin Nahawu:
Ban yarda da madubi ba. Madubi abin da mutum ke duba fuskarsa ne. Idan kika ce wa yaran yanzu "hoto ta madubi", tsayuwa gaban madubin ɗaki da waya a hannu za su fahimta. Harshen nan yana da injin ƙera sunan kayan aiki, ba sai mun yi dogon bayani ba: ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i. Buɗe, mabuɗi. Auna, ma'auni. Goge, magogi. Hanga, MAHANGI. Jam'i mahangai, kamar mabuɗai. Inda ake sa ido kuwa maleƙa. Na daɗe ina kawo wannan kalma, har ɗalibaina sun saba da ita. Rubuta mahangi, Malama, ki huta.

Ɗalibar Harshe:
Allah ya gafarta Malam, tambaya ce. A rubuce, yaya za a bambanta mahangi na'ura da mahangi mutum mai hange, irin su maɗinki da manomi? Kuma jam'in mutanen zai zama mahanga, wadda ta riga ta yi aure da ma'anar ra'ayi.

Malamin Nahawu:
Karin sauti ne ya raba su. Sunan kayan aiki duk karin sama ne, kamar mabuɗi. Sunan mai aikatawa yana faɗuwa a tsakiya, kamar maɗinki. Ba yanzun nan kuka karɓi mariƙi ba? Mariƙi abin riƙewa, mariƙi mai riƙon maraya, rubutu ɗaya, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Tunda murya za a ɗauka, kunne zai ji bambancin.

Mai Fassara:
Malam, kunne zai ji, amma rabin masu kallo a waya suke kallo sauti a kashe. Rubutun ƙasan allon ne kaɗai ke gabansu.

Mai Kyamara:
Ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a hannu, don na ga kamar ana raɗa wa jaririn da ba a gani ba suna. Wannan madubin ba na kallon taurari ba ne, ba kuma tabarau mai ido biyu da ake ratayawa a wuya ba ne. Na ido biyun galibi sau 8 ko 10 yake kusanto da abu. Wannan kuwa yawanci daga sau 20 ne zuwa 60, gilashin gabansa kuma faɗinsa kamar milimita 60 zuwa 85. Shi ya sa ba a riƙe shi a hannu, dole sai ƙafa uku. Babbar kyamarar yawancin wayoyi daidai take da lens, wato gilashin idon kyamara, mai milimita 26 ko kusa da haka. In madubin na kusantowa sau 30, ka ninka da 30, ka samu 780. Wato wayar da ke aljihunka ta yi aikin lens ɗin nan mai tsawon hannu da ake gani wurin manyan masu hoto.

Amma wahalar tana wurin saiti. Hasken da ke fitowa ta wurin sa ido ɗan tsito ne. Ka raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowar: 80 a raba da 20, milimita 4. Ka murɗa zuwa 60, ya dawo milimita ɗaya da 'yan kai, hoton ya yi duhu. A cikin wannan ɗan ɗigon ne idon wayar zai zauna. Akwai ranar da na samu zalɓe tsaye a ƙetaren ruwa, da ido zalla kamar an kafa sanda ne a taɓo. Da na leƙa sai ga ƙwayar idonsa, ga ɗigon ruwa na zuba daga tsinin bakinsa. Na ɗora waya da hannu, ba mariƙi. Yatsana ya ɗan gusa, allo ya yi baƙi ƙirin. Kafin in dawo da shi ya soki kifi ya haɗiye. Tun daga ranar ban sake fita ba mariƙi ba.

Hajiya, akwai kalma ta huɗu da na tabbata tana cikin bidiyon naki: baƙin nan da ke kewaye hoton, ya bar tsuntsu a tsakiya kamar ana leƙensa ta cikin bututu.

Mai Fassara:
Tana ciki wallahi, sau biyar. Na bar gurbinta don ban ma san ta inda zan kama ba.

Mai Kyamara:
Ni "baƙin zobe" nake ce wa yaran da nake koya wa. Maganinsa ka ɗan ja hoton kusa kaɗan a wayar har zoben ya fice, ko ka gyara tazarar da ke tsakanin wayar da gilashin. Ki kuma gargaɗe su kan wayoyi masu ido uku. Kana ja sai wayar ta koma wani idon da kanta, wanda ba shi ke kan madubin ba, hoto ya ɓace. Sai an kulle ta kan ido ɗaya. Kada kuma su taɓa allo lokacin ɗauka, motsin yatsa ma ninkuwa yake yi. A sa ta ƙirga daƙiƙa 3 ta ɗauka da kanta. Da rana tsaka kuma kawalwalniya ke narka hoton komai kyan madubi, na kamfanin Swarovski ne ko na kamfanin Kowa. Sassafe ake fita.

Malamin Nahawu:
Bayani ya yi kyau, amma dubi abin da ya faru a cikinsa: sikof, adafta, lens. Haka harshe ke zubewa muna kallo. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran madubin hangen nesa da ita, wato telescope, ai ba daga sama ta faɗo ba. A 1608 wani mai ƙera tabarau, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar na'urar a Holan, Galileo ya ƙera tasa a 1609, amma sai a 1611 wani masani ɗan Girka, Giovanni Demisiani, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "nesa" da "duba", ya raɗa mata suna. Mutum ɗaya ya zauna ya ƙirƙira, duniya ta bi. Mu kuma in namu ya ƙirƙiro sai a ce baƙuwa ce, a ruga a rungumi ta wani.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Malam, da girmanka, ba a rungumi ta kowa ba a nan. Madubi Hausa ne, hange Hausa ne. Kuma in tsarki ake nema, hoto daga ina ya zo? Waya fa? Ita na'urar da kake ta ambata ai daga Larabci muka aro ta. Na yi shekaru ina karanta labarai. Mun yi ta cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa har muryarmu ta dushe, jama'a suka ce kwamfuta. Amma jirgin sama da gidan sauro ba wanda ya tilasta wa kowa, sun zauna da kansu, saboda an ɗauki abin da aka sani an jingina masa sabon abu. Madubin hange irin ginin nan ne.

Malamin Nahawu:
Ku 'yan rediyo ku ne kuka cika mana harshe da dogayen sunaye masu "mai kaza mai kaza", don ba ku tuntuɓar masana kafin ku hau iska.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Labari kan shigo saura minti goma a fara shiri, Malam. Masanan suna ina a lokacin? Kalmomi nawa aka ƙirƙira a tarurruka aka buga, suna nan kwance a takarda ba wanda ya taɓa furta su a titi?

Ɗalibar Harshe:
Iyayena, don Allah a yi haƙuri. Ni dai abin da na sani game da kalmar shi ne ita ma ba daga jami'a ta fito ba. A 1999 wani mai kallon tsuntsaye ɗan Malesiya, Laurence Poh, ya ɗora ƙaramar kyamararsa ta Nikon Coolpix a bakin madubinsa, hotunan suka bazu a intanet. Wani Bafaranshe mai kallon tsuntsaye, Alain Fossé, shi ya laƙaba wa abin suna, ya haɗa guntun kalmar dijital da sunan madubin, wato sikof. Masu yin abin ne suka raɗa. Don haka ina ga ya kamata a ji ta bakin Yaya Mai Kyamara, wace ce za ta shiga bakin yaransa?

Mai Kyamara:
Gaskiya in na ce "miƙo mini mahangi" sai sun tsaya kallona. Madubin hange za su gane nan take. Amma hoton hange ina da ja a kai. Wanda ya ɗauki tsuntsu daga nesa da babbar kyamara mai dogon lens, shi ma ai hoton hange ya yi. Inda namu ya bambanta shi ne aron ido: waya ce ke leƙe ta cikin madubi.

Malamin Nahawu:
To kun gani. Da kun karɓi mahangi da an ce "hoton mahangi", ba wanda zai haɗa shi da dogon lens. Kalma ɗaya ta kashe tsuntsu biyu, amma an ƙi ta don ba a saba ji ba.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Nan kam na ba ka, Malam. Hoton mahangi ya fi nawa tsare ma'ana. Sai dai in sun san mahangin tukuna.

Ɗalibar Harshe:
"Hoton leƙe" fa?

Mai Fassara:
A'a ƙanwata, wannan zai kai tunanin mutane wani wuri marar kyau, kuma yara ake koya wa. Malamaina, dare ya yi, dole in tura rubutun kafin in kwanta. Ga abin da na yanke. Na'urar: madubin hange. Abin riƙewa: mariƙin waya. Inda ake sa ido: maleƙa, na ɗauko daga wurin Malam, don ban ga abin da ya kai ta ba. Aikin: a karon farko mai karantawa zai faɗi cikakken bayanin, waya ta cikin madubin hange, daidai lokacin da ake nuna hannu yana ɗora wayar, daga nan sai hoton hange har ƙarshe. Tunda bidiyon kaf kan wannan hanya yake, ba za a ruɗe da dogon lens ba. A farkon kuma zan sa ya ce "madubin hange, wanda wasu malamai ke kira mahangi", da karin sama yadda Malam ya nuna.

Malamin Nahawu:
"Wasu malamai." To, Allah ya sa albarka. Ban gamsu ba, kuma a darasina mahangi zan ci gaba da cewa. Ki dai tabbatar mai karantawar bai sauke muryarsa a tsakiya ba, kada ya mayar da na'urar mutum. Shi kuma baƙin zoben nan, zobe siriri ne, abin da aka kwatanta kuwa duhu ne mai cin kusurwoyi. "Duhun gefe" ya fi.

Mai Kyamara:
Malam, a waya da'ira ce sosai, mai kaifin baki, ba kusurwoyi kaɗai ba. Sai an ja hoton sannan ya rage a kusurwa.

Mai Fassara:
Na sa baƙin zobe a wurare uku da ake nuna da'irar, duhun gefe a biyun da ya rage a kusurwa. Na tura. Yaya Mai Kyamara, in kana kusa da waya gobe wajen ƙarfe tara zan iya nemanka, akwai jimla ɗaya kan murɗa saiti da nake so ka saurara kafin a naɗa.